Jan ɗigo a bango: yadda ake gyara motsin wuya da gwiwa da tocilan leza

Idan aka ɗaura wa mai ciwon wuya tocilan leza a goshi a ɗakin gashin ƙashi, abin da ya fi tambaya shi ne, "Likita, hasken ne zai shiga ya kashe ciwon?" A'a. Hasken ko jikinsa ba ya taɓawa, bango yake haskawa. Akwai wata na'urar leza dabam da ake ɗorawa a kan fata, to wannan ba ita ba ce. Aikin wannan guda ɗaya ne, ta nuna wa mutum ƙiri-ƙiri abin da gaɓarsa take yi wanda shi ba ya ji.

A cikin tsokoki da gaɓoɓi akwai ƙananan jijiyoyin ji da ke kai wa ƙwaƙwalwa rahoton inda kowace gaɓa take. Su ne suke sa ka kai loma baki cikin duhu ba ka kai ta hanci ba. Ƙananan tsokokin da ke ƙarƙashin ƙeya suna cikin waɗanda suka fi yawan irin waɗannan jijiyoyi a duk jiki. Ciwon da ya daɗe, ko fizgar wuya ta hatsarin mota ko faɗuwa daga kan kabu-kabu, yana gurɓata wannan rahoto. Sai mutum ya rantse kansa a miƙe yake alhali ya karkace. Ka yi ta ce masa "miƙe" har bakinka ya gaji, ba zai gyara ba, don a jinsa ai a miƙen yake. Amma ya ga jan ɗigo ya kauce daga tsakiya, da kansa zai dawo da shi.

Kayan ba su da yawa. Ana sayar da na kamfani masu maɗauri da allon saiti, amma ƙaramar tocilan leza ja, robar tocilan goshi, salatif, kwali da tef ɗin awo na tela sun wadatar. Idan babu robar, hula hana-sallah wadda ta kama kai sosai za ta yi. Kube ko zanna ba za su yi ba, zamewa suke. A nan sai an yi hattara da irin lezar: a nemi wadda aka rubuta Class 2 a jikinta, wato ƙarfinta bai wuce miliwat 1 ba. Korayen nan masu ƙarfi da ake tallar su a kasuwa a bar su, sau da yawa ƙarfinsu ya zarce abin da aka rubuta, kuma suna iya ƙona bayan ido. Ko jar ma ba a haska ta a idon kowa, ba a yin aikin a gaban madubi ko gilashin taga ko tayil mai ƙyalli, kuma a kori yara daga gaban bango tukuna, don da sun ga ɗigon sai sun bi shi.

Gwajin wuya ya samo asali ne daga aikin Revel da abokan aikinsa a Faransa a 1991. Mutum zai zauna a kujera mai majingina, ƙafafu a ƙasa, tazarar santimita 90 daga tsakiyar kansa zuwa bango. Ya kalli gabansa yadda yake jin daidai ne, sai a manna kwalin yadda tsakiyarsa za ta faɗa kan ɗigon. Ya rufe ido, ya juya kai dama a hankali iyakar inda ba ciwo, ya dawo inda yake jin nan ne tsakiya, ya ce "nan". A sa alama da biro inda ɗigon ya tsaya. Kafin zagaye na gaba mai gwajin ya riƙe kan ya mayar da shi ainihin tsakiya, ido yana rufe. Sau 6 dama, sau 6 hagu, haka sama, sannan a auna nisan kowace alama daga tsakiya a fitar da matsakaici.

Lissafin mai sauƙi ne. A tazarar santimita 90, kaucewar digiri 3 tana ba da kusan santimita 5 a bango, digiri 4.5 kusan santimita 7, digiri 6 kuma santimita 9 da rabi. Don haka a zana da'irori uku a kwalin da waɗannan tazarori daga tsakiya; ƙusa da zare da fensir sun isa. Abin da ya wuce santimita 7 shi ake ɗauka matsala. Kada a tsaya ga lambar kaɗai. A lura ko yana wuce tsakiya ne ya dawo, ko yana tsayawa kafin ya iso, ko motsin yana cijewa yana saki kamar tsohuwar ƙofa, ko ya ce jiri ya taso.

Yawancin sakamakon banza daga kayan yake fitowa, ba daga wuyan ba. Robar ta zame da gumi, sai kowace alama ta karkata gefe guda. Shi ya sa ake duba tsakiya da ido buɗe bayan an gama. An matsar da kujera baya, sai kuskuren ya kumbura, don a santimita 180 ninki biyu zai nuna. A sa alama a ƙasa da alli inda ƙafafun kujera suke, a koma nan a kowane zuwa. Wani yana juya kafaɗu tare da kai bai sani ba. Wani yana leƙe ta ƙasan ido. Ƙananan lezojin nan kuma sai an danne maɓalli suke kamawa, idan mara lafiya ya kai hannu ya danne ya lalata gwajin, to a naɗe maɓallin da salatif, a kware da an gama, in ba haka ba ƙananan batiran ba sa kwana. Ɗigon yana ɗan rawa ko a kan mai lafiya, numfashi ne da bugun zuciya. A faɗa wa mutum haka tun farko, kada ya ɗauka wata cuta ce ya ƙara sanƙarewa.

Horon shi ne gwajin aka juya. A fara da ido buɗe, a juya a dawo tsakiya. Sai a rufe ido, a dawo, a buɗe a ga inda aka tsaya, a gyara. Bayan nan a zana layi miƙaƙƙe, da zigizag, da lamba 8 a kwance, mutum ya bi su da ɗigon a hankali ba ya fita layi. Minti 5 zuwa 10, sau biyu a rana, ya fi awa guda a mako. Idan ya ƙware a zaune sai tsaye, sai tsaye da ƙafafu haɗe, sai tsaye a kan katifa. Wani bincike da Jull da abokan aikinta suka fitar a Ostareliya a 2007 ya nuna horon mako 6 ya rage wannan kuskure ga mata masu daɗaɗɗen ciwon wuya, amma atisayen ƙarfafa tsokokin cikin wuya na gaba shi ma ya rage shi. Wato leza ba ta maye gurbin atisaye, tare ake haɗa su. Kuma ainihin ma'aunin ba kwalin ba ne. Shin ɗan kabu-kabu yana iya waiwaye kafin ya sha kwana? Dattijo yana sallame salla dama da hagu ba sai ya juya ƙirji ba?

Gwiwa ta fi sauƙi. Mai ciwon gaban gwiwa sau da yawa gwiwarsa ciki take faɗawa idan zai tsuguna ko zai sauka daga matakala. A ɗaure lezar a cinyar ƙafar da ke ciwo, ɗan sama da ƙoƙon gwiwa, ta haska ƙasa gaban ƙafa. A ja layi da alli daga yatsan ƙafa na biyu zuwa gaba. Ya hau bulo mai inci 6 da aka kwantar, ya sauko da ɗaya ƙafar a hankali har diddige ya taɓa ƙasa, ɗigon yana tafiya kan layi. Sau 8 zuwa 10, zagaye uku. Umarnin ya zama "riƙe ɗigon a layi", ba "matse ɗuwawu, juya cinya" ba. Binciken Gabriele Wulf kan koyon motsi ya nuna mutum ya fi saurin koyo idan hankalinsa yana kan sakamakon da ke waje, ba kan tsokarsa ba. Idan ɗigon ya ƙi zama ko ya yi ƙoƙari, galibi tsokokin gefen ƙugu ne ba ƙarfi, ko idon sawu ya ƙage. Sai a rage tsawon abin hawan, a koma gyara can.

Ga ƙugu kuma, musamman masu dashen shinkafa a fadamun Argungu da Suru da ke wuni a sunkuye, ana ɗaura lezar a ƙirji ko a tsatso don koyon sunkuyawa daga gaɓar cinya da baya a shimfiɗe, kamar yadda ake yi a ruku'u.

Kuskuren da masu aikin kansu suka fi yi shi ne barin lezar ta daɗe. Mutum ya zama gwanin ɗigo, a cire ta ya koma gidan jiya, tunda ba zai shiga gona da tocila a cinya ba. Daga mako na biyu ko na uku a fara janye ta: sau uku da haske, sau uku a kashe, a kunna a duba. A ƙarshe dubawa kawai za ta riƙa yi.

Ɗan ƙarin ciwo ko jiri kaɗan lokacin horo ba laifi, muddin ya lafa kafin washegari. Idan bai lafa ba a rage yawa da nisan juyi. Amma wanda yake ganin abu bibbiyu, ko harshensa ya yi nauyi, ko haɗiya ta gagara, ko yana yanke jiki ya faɗi, ko hannu da ƙafa suna mutuwa, ba leza yake buƙata ba. Haka wanda ya yi hatsari ba a ɗauki hoton wuyansa ba, da mai ciwon baya da zazzaɓi da rama da gumin dare, don tarin fuka yana kama ƙashin baya. Waɗannan a wuce da su babban asibiti, irin Asibitin Sir Yahaya ko Asibitin Koyarwa na Tarayya a Birnin Kebbi, likita ya duba su kafin a ɗaura musu komai a ka.