Tagazut, daren Laraba

Kafaɗuna kamar ba nawa ba, amma alhamdu lillahi, yau na miƙe tsaye a kan allon hawan igiyar ruwa har igiyar ta kai ni bakin yashi. Auta yana gefe yana ta ihu. Ruwan akwai sanyi, ko da rigar roba a jikina sai da haƙorana suka kaɗa. Daga Oktoba zuwa Maris ne manyan igiyoyi ke zuwa wannan gaɓar ta Maroko, shi ya sa garin ya cika maƙil da baƙi yanzu. Mu a Panorama muke, wurin 'yan koyo. Anchor Point na gwanaye ne, sai dai mu hau duwatsu mu yi kallo.

Da safe burodi da amlu (niƙaƙƙen almon da zuma da man argan) da shayin na'ana'a. Umma, na sayi man argan ɗinki.

Wata magana ce ta tsaya mini a rai. Bayan azahar muna wanke alluna, na ce wa malaminmu na hawan igiyar ruwa ina so in je in gaida mahaifinsa, tunda ya faɗa mana masunci ne. Na ɗauka cikin ɗaya daga lungunan nan suke, bayan inda ake jan shuɗayen jiragen kamun kifi. Ya ci gaba da wankinsa, can ya ce, "Ɗan'uwa, a nan aka haife ni, amma ba a nan nake kwana ba."

Haya suke yi tun yana yaro. Da mai gidan ya ga abin da baƙi ke biya a ɗaki ɗaya cikin 'yan kwanaki ya fi abin da suke ba shi a wata, sai ya ce su tashi. Yanzu suna Awrir, garin ayaba, a kan hanyar Agadir. Kullum da asuba tsohon yake shigo mota ya zo wurin jirginsa. Malamin ya tambaye ni inda muka sauka, na kwatanta masa. Ya ce, "Na san gidan. Da muna yara akwai wata tsohuwa da ke gasa burodi a ƙasa." A ƙasan nan yanzu ake jera alluna, a nan na rataye rigata jiya.

Na ce, "Malam, to ba ka jin haushinmu?" Ya girgiza kai, ya ce in ba don mu ba da yana Kazablanka yana yawon neman aiki, don kifi ba ya riƙe gida kamar da, kuma da kuɗin koyarwar nan ƙannensa ke karatu. Na yarda gaskiya ya faɗa. Amma ganin mutum ya zama baƙo a garin da aka binne cibiyarsa, kuma ni ne nake kwance a irin ɗakin da aka tashe shi, abin ya yi mini nauyi har yanzu.

Ya kuma ba mu labarin Imsuwan, inda muke shirin zuwa saboda doguwar igiyarta. A Janairun 2024 hukuma ta rushe gidaje da wuraren cin abinci da dama a bakin tekun can, wai an gina su ba izini. Abokansa na cikin waɗanda suka rasa wurin sana'a.

Auta ya ce hutu muka zo, in daina sa wa kaina damuwa. Ban amsa masa ba.

La'asar a masallacin gari. Tajin ɗin kifi, wato dahuwar tukunyar ƙasa irin ta Maroko, da dare, ban ci da yawa ba. Yaya ta kira, layi ya ƙi.

Kafin mu rabu na sake roƙon malamin ya kai ni Awrir in gaida tsohon. Ya ce zai tambaye shi, in ya amince sai ranar Juma'a bayan salla.