Kiɗan metal a kan faifan garmaho

Wanda ya saba jin metal, wato kiɗan rock mai nauyi da ƙarar jita da ganguna, a waya kawai, ranar da ya ɗora faifai zai gane jita tana da nama. Amma faifai ba ya yafe sakaci.

Fara da allura. Yawancin allurai so suke su danna faifai da nauyin giram 1.5 zuwa 2.5. Duba na taka, ka auna da sikeli, kada ka yi ƙiyasi. In ta yi sauƙi, ganga mai sauri za ta sa ta tsalle tana yagar tsagin da take bi a kan faifan. Mutane kan tsorata da nauyi, alhali rashinsa ya fi ɓarna.

Waƙar ƙarshe, kusa da tsakiya, ita ke fara shaƙewa, kuge ya koma "shhh", domin da'irar ta ƙanƙance. Gefen da ya wuce minti 22 kuwa, dole a rage masa ƙara wajen yanka tsagin a masana'anta. Shi ya sa bugun fayafayi biyu mai gudun zagaye 45 a minti ya fi daɗi, duk da yawan tashi juyawa.

Gurnani a lasifika? Sau da yawa wayar ƙasa (earth) ta garmahon ce ba a ɗaura ba.

A jera fayafayi a tsaye, nesa da rana. Zafi na lanƙwasa su.