Mutum 96 a rana, awa ɗaya tak: yadda ake samun izinin ganin goggon biri a Ruwanda

A arewa maso yammacin Ruwanda, inda iyakarta ta haɗu da ta Uganda da Kwango, akwai gandun dajin Volcanoes, wanda duk faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 160 ba. Goggon birin dutse ne ke kai mutane can, kuma ba a shiga wurinsu don kawai an zo bakin ƙofa da kuɗi a hannu. Takardar izini 96 ake sayarwa a rana. Idan sun ƙare, to sun ƙare, sai dai ka nemi wata ranar.

Lissafin ba shi da wuya. Birai na rayuwa ne iyali-iyali, kowane iyali a ƙarƙashin babban namiji mai furfurar baya. Iyalai 12 ne aka ware wa baƙi, waɗanda aka shafe shekara biyu zuwa uku ana sabar musu da ganin mutum. Kowane iyali baƙi takwas ake kai masa, sau ɗaya a yini, na awa ɗaya. Takwas sau 12, shi ne 96 ɗin. Adadin ma yakan motsa, don biri bai san iyakar ƙasa ba. A 2019 iyalin Hirwa suka tsallaka gandun Mgahinga da ke Uganda suka zauna watanni, a can tsawa ta kashe huɗu daga cikinsu a farkon 2020, kafin ragowar su dawo. Duk lokacin da iyali ya ƙaura ko ya rabe gida biyu, sai hukuma ta sake lissafin guraben.

Da yawa suna ɗaukar wannan ƙa'ida a matsayin dabarar 'yan kasuwa, a rage kaya don farashi ya hau. Asalinta cuta ce. Halittar goggon biri ta yi daidai da ta ɗan Adam da kusan kashi 98 cikin ɗari, shi ya sa abin da ke kama mu yana kama su, amma jikinsu bai saba da cututtukanmu ba. Murar da za ta sa ka atishawar kwana uku ka warware, su tana iya zame musu ciwon huhu. A 2009 cutar numfashi ta ɓarke a cikin iyalin Hirwa ɗin nan, 11 daga cikin 12 suka kamu, babbar mace da jariri suka mutu, kuma gwaji ya nuna ƙwayar cutar irin ta mutane ce. Sai ka haɗa wannan da yawansu. A 1981 waɗanda ke tsaunukan Virunga, inda wannan gandun yake, ba su fi 250 da 'yan kai ba. Ƙidayar 2015 zuwa 2016 ta sami 604 a can, ta 2018 ta sami 459 a dajin Bwindi na Uganda da kewayensa, jimilla 1,063 a duk duniya. Mace takan haifi ɗa ɗaya ne a kusan shekara huɗu. Dabbar da take ƙaruwa a hankali haka, annoba ɗaya na iya cinye wahalar shekara goma. Kowane baƙo da aka ƙara, an ƙara hanci da bakin da cuta za ta fito. Kowane minti da aka ƙara, an rage musu lokacin kiwo da hutawa. Don haka ni a ganina mutum takwas da awa ɗaya ba su yi kaɗan ba, kuma ba abin da ya kamata a sassauta ba ne ko da layin masu jira ya kai ina.

Wanda ya yi niyyar zuwa, izini zai fara saya, kafin tikitin jirgi, kafin masauki. Mafi yawan asarar da ake yi daga juya wannan tsari take fitowa: mutum ya yanki tikiti, ya biya otal, sannan ya leƙa ya tarar babu gurbi a duk makon. Hukumar raya ƙasa ta Ruwanda, RDB, ita ke sayar da izinin, ko kai tsaye ta shafinta na intanet, ko ta hannun kamfanin yawon buɗe ido mai lasisi. Za ka zaɓi rana, ka ga ko da sauran gurbi, ka shigar da suna da lambar fasfo da ranar haihuwa, ka biya. Izinin na mutum ɗaya ne, na rana ɗaya. Ba a bai wa ƙane, ba a sayar wa aboki, domin ranar tafiya za a ɗora shi kan fasfo a duba. Ka rubuta sunan yadda yake a fasfo harafi da harafi. Wanda fasfonsa ya ce Muhammad kada ya rubuta Mohammed. Wanda kuma fasfonsa zai ƙare kafin tafiyar, ya sabunta tukuna, ko kuwa ya riƙe tsohon tare da sabon.

Watannin da aka fi rububi su ne Yuni zuwa Satumba, sai Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ruwa ke tsagaitawa. Waɗannan sai ka kama gurbi da wata uku zuwa shida, musamman idan ku da yawa ne. Daga Maris zuwa Mayu, da Oktoba da Nuwamba, ana samun gurbi cikin sauƙi, sai dai hanya ta zama taɓo da santsi. Biran suna nan, ruwa ba ya korar su.

Kuɗin izini dala 1,500 ne ga baƙon waje tun watan Mayun 2017, lokacin da aka ninka shi daga 750. Tun bayan korona aka fito da rangwame: dala 200 ga 'yan Ruwanda da ƙasashen Gabashin Afirka, sannan aka sanya dala 500 ga sauran 'yan Afirka, wanda ya shafi mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Gana. Wannan rangwame na wa'adi ne, ana sabunta shi lokaci zuwa lokaci da sharuɗɗansa, don haka ka tabbatar yana aiki a kan ainihin ranar da ka zaɓa kafin ka gina kasafinka a kansa. Ka kuma lura da katin da za ka biya da shi. Katin naira yana da iyakar abin da yake kashewa a waje, kuma gurbin da ba a biya ba ba naka ba ne. Katin asusun dala ya fi sauƙi. Idan ta hannun kamfani ka bi, kada ka gamsu da rasit ɗinsu kawai, ka ce su turo maka kwafin izinin da kansa, mai ɗauke da sunanka da ranar.

Abu biyu suna wargaza tafiyar iyali. Yaron da bai kai shekara 15 ba ba ya shiga, kuma fasfo ake dubawa, ba tsayinsa ba. Dalili shi ne yara sun fi ɗaukar mura da ƙyanda da makamantansu, sannan idan babban namiji ya taso yana dukan ƙirji, da wuya yaro ya tsaya bai ruga ba, gudu kuwa shi ne abin da ba a so. Na biyu, idan kun haura takwas dole a raba ku, ko da uwa ɗaya uba ɗaya kuke. Ku goma, ku tsara tun a gida wa zai bi wa.

Ranar tafiya ana hallara a hedikwatar gandun da ke Kinigi da ƙarfe 7 na safe. Daga Kigali tafiyar awa biyu da rabi ce a kan hanya mai kwana-kwana, wato mai tasowa daga can sai ya bar gari wajen ƙarfe huɗu da rabi, ya yi asuba a hanya. Gara a kwana a Musanze, garin da ke kusa da Kinigi. Wanda ya makara aka rarraba mutane aka tafi, kuɗinsa ya tafi tare da su. Kuma izinin bai haɗa da mota ba. Daga Kinigi kowane rukuni zai shiga motarsa zuwa inda za a fara hawa, wani wurin tafiyar rabin awa, wani fiye da awa, a kan hanyar duwatsu da ƙaramar mota ba ta iyawa. Mutane kan manta da wannan, su iso a tasi su sallame shi.

A nan Kinigi ake raba baƙi ga iyalan birai, ba a intanet ba. Jami'ai na duba shekaru da ƙarfin jiki, direbobi na faɗin irin mutanen da suka kawo. Ka faɗi gaskiyar ƙarfinka. Iyalin Sabyinyo galibi suna kusa, na Susa kuwa suna can gefen dutsen Karisimbi, wanda tsayinsa ya kai mita 4,507, kuma zuwa wurinsu na iya cin yini. Ana fara hawa ne daga wajen mita 2,500 sama da teku. Kano ba ta kai mita 500 ba. Wanda ya sauka jiya ya kama hawa yau zai ji numfashi na sarƙewa tun bai yi nisa ba, don haka kwana ɗaya ko biyu a Musanze kafin ranar yana da amfani. Mai niyyar yin tafiyar cikin azumi ya yi wannan lissafin da kyau. Tsofaffi da masu ciwon gwiwa kuma ana iya ɗaukarsu a kan kujerar da 'yan dako ke sungumawa, da kuɗi na daban, amma sai an faɗa tun da wuri.

Hanyar tana ratsa gonakin dankalin turawa har zuwa katangar duwatsu da aka gina don hana ɓauna shiga gonaki. Da ka tsallaka ta, ka shiga gora da ciyayi masu ƙaiƙayi da ke huda siririn wando. Sai da dogon wando mai kauri, a cusa ƙafarsa cikin safa saboda kwarkwasa, da safar hannu irin ta aikin lambu, da rigar ruwa, da takalmi mai riƙe taɓo. Ka ɗauki ɗan dako ko da jakarka ba nauyi. Dala 10 aka saba bayarwa, shi zai kama hannunka a wurin santsi, kuma da yawansu mutanen ƙauyukan bakin gandun ne, wasu ma tsofaffin mafarauta. Kada ka sako kayanka a leda, Ruwanda ta haramta ta tun 2008, ana karɓewa tun a filin jirgi. Katin rigakafin cutar shawara ma ya kasance tare da fasfo.

Masu bin sawu sun riga ku fita tun da sassafe, sun je inda biran suka yi sheƙar kwana, suna bin su suna faɗa wa ɗan jagora ta rediyo. In an kusa, za a tsayar da ku a ajiye jaka da sanda da abinci da ruwa, kowa ya sa takunkumi. Awa ɗayar daga ganin biran take farawa, ba daga fara hawa ba. Tsohuwar ƙa'idar tazara mita bakwai ce, bayan korona aka mai da ita goma. Biran ba su san da ita ba. Ɗan ƙarami na iya gangarowa ya ja maka wando, aikinka shi ne ka ja baya a hankali, kada ka miƙa hannu. Ba a kunna fitilar kyamara, ba a ɗaga murya, ba a nuni da yatsa. In atishawa ta zo, ka juya baya ka rufe fuska. In babban namiji ya taso, ka durƙusa, ka sunkuyar da kai, ka bi abin da ɗan jagora ya yi. Wanda bayan gida ya matsa a daji, rami ake haƙawa mai zurfin santimita 30 a binne.

Wurin da aka fi gwada mutum shi ne safiyar da ya tashi da mura ko gudawa, ga kuɗin da ya zuba. Zuciya za ta ce ka sha magani ka yi shiru. Kada ka yi. Ka faɗa a Kinigi. Wanda jami'ai suka tabbatar ba shi da lafiya akan duba yiwuwar sauya masa rana ko a mayar masa da wani ɓangare na kuɗinsa, wanda kuwa ya ɓoye aka gano shi a hanya za a iya juyo da shi. Shi ya sa yake da kyau a bar kwana ɗaya ko biyu a ƙarshen tafiya babu komai a cikinsu, kuma a yi inshorar tafiya da ta haɗa da kuɗin izini.

Batun tsada kuwa, akwai abin faɗa. In guraben 96 suka cika a kan cikakken farashi, dala 144,000 ke nan a yini ɗaya. Da irin wannan kuɗin ake biyan masu gadi da masu bin sawu, kuma tun 2017 kashi 10 cikin ɗari na kuɗin shigar gandayen ƙasar yana komawa ga ƙauyukan kewaye, a gina azuzuwa da asibitoci da tankunan ruwa. Kafin nan kashi 5 ne, tun 2005. Manomin da ɓauna ke ci wa dankali ba zai ƙaunaci gandu don lacca ba, sai ya ga amfaninsa a ƙauyensu. Amma dala 1,500 ta mai da wurin na masu hali, kuma bai dace a ce ɗan Afirka sai a talabijin zai ga dabbar nahiyarsa ba. Ya kamata rangwamen 'yan Afirka ya zama tsayayye na dindindin, a cikin gurabe 96 ɗin nan, ba tare da an ƙara ko mutum ɗaya ba.

Wanda bai sami gurbi a Ruwanda ba, ko kuɗin ya yi masa yawa, yana iya duba Uganda. A can izinin baƙon waje dala 800 ne tun Yulin 2024, hukumar namun daji ta UWA ke bayarwa, kuma ƙa'idar mutum takwas da awa ɗaya da shekara 15 duk ɗaya ce. Sai dai Bwindi yana da tarkonsa. An raba shi shiyya huɗu, Buhoma da Ruhija da Rushaga da Nkuringo, kuma izininka na shiyya ɗaya ne, an rubuta a jiki. Tsakanin Buhoma da ke arewa da Nkuringo da ke kudu tafiyar awanni ce a mota kan hanyar tsauni, don haka wanda ya kama masauki a wata shiyyar daban ba zai iso taron safe ba. Ka karanta sunan shiyyar a takardar, sannan ka nemi ɗaki a kusa da ita.