Daga Jos zuwa Assop, Neman Ƙwarin Bakin Ruwa

Da sassafe muka bar Jos a ƙarshen Oktoba, muka bi ta Bukuru da Mararrabar Jama'a da Riyom, muka gangara Hawan Kibo zuwa Assop, inda ruwan rafi ke faɗowa daga kan duwatsu. Da gangan muka jira damina ta ja baya, domin ambaliya tana wanke gefen rafi, ta tafi da ruɓaɓɓen ganyen da ƙwarin nan ke ci.

Abin da muka je nema ƙananan ƙwari ne masu taurin baya na dangin Hydrophilidae, musamman jinsin Agraphydrus, waɗanda yawancinsu ba su wuce milimita 2 zuwa 3 ba. A Bukuru mun wuce kududdufan haƙar kuza ba mu tsaya ba. Gaɓarsu a tsaye take, ga zurfi, kasadar ta fi amfanin yawa.

A Assop ban ko kalli inda ruwa ke faɗowa da ƙarfi ba, ba nan suke zama ba. Na nemi gefe, inda ruwa ke tsattsafowa a jikin dutse mai gansakuka, da 'yan kwarurruka masu yashi da ganye. Sai ka dama wurin da hannu, ka dakata kamar minti ɗaya. Ƙwaron yana riƙe iska a ƙarƙashin cikinsa, don haka da zarar ka raba shi da abin da ya maƙale, zai taso sama, sau da yawa a rigingine, cikinsa na ƙyalli kamar azurfa. Da matacin shayi ake kwashe shi a juye a farin faranti. Idan ka cika damawa laka za ta turnuƙe, ba za ka ga komai ba.

Akwai wani dangin, Dytiscidae, da ke ruɗa sabon shiga. Su da gindi suke tasowa shan iska, namu kuwa da kai, kuma namun bi da bi suke motsa ƙafafunsu na baya a ruwa.

Na zuba waɗanda muka kama a etanol (sinadarin sifirit) mai kashi 96 cikin 100, saboda gwajin ƙwayar halitta, na rubuta wuri da rana da fensir a takardar da ake jefawa cikin kwalbar, tunda tawadar biro narkewa take a etanol. Tantance nau'i kam sai an koma Jos an ciro al'aurar namiji ƙarƙashin madubin ƙara girma, domin a ido kusan duk kamarsu ɗaya.