Tatsuniya da Rana

Kakata ta wajen uba, wadda muke kira Hajja, ba ta yarda a yi tatsuniya da rana. A gidanmu na Jahun, in ɗayanmu ya kuskura ya ce "ga ta nan ga ta nanku" alhali rana na tsaka, sai ta ɗaga muciya ta ce, "Kai! Mai tatsuniya da rana ɓata yake yi." Mukan koma zaure mu yi dariya, mu ce camfin tsofaffi ne. Sai da na ba shekara talatin baya, ina da shagon ɗinki na kaina a bakin kasuwar Wunti, sannan na ɓata, a zaune kuma, da almakashi a hannu.

Ƙannena, tun ina sakandare ni mayen littattafan yaƙi ne. Sarakunan aljanu, bokaye, takubban tsafi, sadaukin da zai yi tafiyar shekara arba'in cikin dajin da ba a shiga, duk na sha su. Haya muke karɓowa, in cusa littafin cikin na lissafi, malami na ta bayani ni kuwa ina can bayan teku na bakwai. Da na shiga koyon ɗinki sai karatun ya tsaya, don hannu biyu da ido biyu duk keke ya cinye su. Ana nan sai wani yaro mai cajin waya kusa da shagona ya ce, "Oga, kawo memorinka in zuba maka abin da kake so." Ya zuba mini labarai da murya, wani na karantawa ni ina ji. Daga baya na koma YouTube da zaurukan WhatsApp inda ake sakin sabon kashi kusan kullum. Na ce banza ta faɗi: hannu na neman kuɗi, kunne na shan daɗi, ba wanda ya tare wa wani hanya.

A goman ƙarshe na wani azumi, lokacin da kowane tela a Bauchi yake kwana a kan keke, wani dattijo abokin marigayi mahaifina ya kawo farar gezna yadi goma, babbar riga da 'yar ciki da wando. Na gwada shi, na rubuta awon a littafi. Daren da zan yanka, labarin da nake bi ya kai inda jarumin ya isa ƙofar ƙarshe bayan kashi sittin da wani abu. Na shimfiɗa shaddar a tebur, na ɗauki alli, na leƙa littafin awo. Idona ya sauka a shafin da ke kallon nasa, awon wani gajeren mutum. Na ja layi a inci talatin da takwas maimakon arba'in da shida, na bi da almakashi, ƙarar yankan nan mai daɗi na tashi, ni kuma zuciyata na dukan uku-uku saboda wani mutum da bai taɓa rayuwa ba. Da na gama 'yar ciki na bi wando da awon nan dai. Sai bayan sahur, da na ɗaga rigar ina dubawa, na ga abin da na aikata. Ɗinki ana farke shi a sake. Yanka kuwa shi ke nan.

Da ya zo karɓa na durƙusa na ce, "Baba, a yi mini aikin gafara, kuskure aka samu." Bai ɗaga murya ba. Ya dubi rigar, ya dube ni, ya dubi igiyar iyafis da ke rataye a wuyana, muryar mai karatun tana fita ƙasa-ƙasa don ko kashewa na manta ban yi ba. Ya ce, "Ɗana, da wa kake hira lokacin da kake yanka mini kaya?" Da ma zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Kwasar adashena ta watan nan kaf ta tafi wajen sayen wata shaddar, kuma da tsohuwar rigarsa ya je Idi.

To, ga abin da na gano, kuma shi nake so ku riƙe. Aikin hannu iri biyu ne. Akwai wanda hannu ya haddace, kamar guga da kalmasa da saka maɓalli, wannan kuna iya yi da labari a kunne. Akwai wanda sai da kai: awo, yanka, lissafin kuɗin mutane, karatun jarrabawa, tuƙin babur ko Keke Napep. Shi kai ɗaya ne, in ya tafi birnin aljanu babu wanda ya bari a shago. Ina ganin samari 'yan acaɓa suna ratsa shataletalen Wunti da kunne a toshe, sai gabana ya faɗi, don ni shadda na yanka, su kuwa Allah ya kiyaye. Haka kuma "bari wannan kashin ya ƙare" ta sa na rasa jam'i sau da yawa, masallaci kuwa taku ashirin ne daga ƙofar shagona.

Sai kunnen kansa. In an ɗauke wuta janareto ke aiki, ga kekuna huɗu suna ruri, sai in ƙure ƙarar waya don in ji mai karatu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada ƙarar ta wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin na'urar, kuma sautin da ya kai ma'aunin desibel 80 kada a wuce awa 40 a mako ana jin sa. Ni a lokacin nakan yi awa goma a yini ɗaya, a ƙure. Yau in dare ya yi tsit, kunnena na hagu sai ya riƙa wani siririn fito kamar na gyare. In wurin da kuke ya cika hayaniya har sai kun ƙure murya, ku kashe kawai, labarin ba gudu zai yi ba.

Kada ku ɗauka cewa nake ku bar labaran aljanu. Masu cewa shirme ne ba su san tarihin rubutunmu ba. A gasar rubuta littattafan Hausa da wani Bature jami'in ilimi, Rupert East, ya shirya a Hukumar Fassara ta Zariya a 1933, cikin littattafai biyar da suka fito har da na Abubakar Imam da na Bello Kagara, masu cike da aljanu da tafiye-tafiyen al'ajabi, da kuma na ɗan ƙasar nan tamu, Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda shi nasa ya fi karkata ga rayuwa ta zahiri. Da irin waɗannan labarai aka buɗe ƙofar ƙagaggen labari a boko. Amma ku nemo su ku riƙe a hannu: sirara ne, kowanne ana iya gama shi a zama ɗaya ko biyu. Nan ne kuskurena na biyu, na daɗe ina auna daɗin labari da tsawonsa. In na ga kashi ɗari da ashirin sai in ce wannan shi ne littafi. Ban lura ba cewa mai tashar da yawan kallo yake samu, saboda haka jan labarin riba ce gare shi. Sai a kashe maka mugun sarki a kashi na talatin, a na talatin da ɗaya a ce ashe yana da wa wanda ya fi shi sharri, shi ma wan yana da uba a ƙarƙashin ƙasa.

Yanzu da abu ɗaya nake gwada su: shin tsafin yana da farashi? A tatsuniyoyin Hajja, Dodo ba ya ba da ruwa sai da sharaɗi, kuma in Gizo ya ci banza sai ya biya da jikinsa. Shi ya sa muke jin tsoro da gaske. Labarin da jarumi zai shiga tsaka mai wuya sai kawai ya shafa zobe, wani aljani da ba a taɓa ambata ba ya bayyana ya share abokan gaba, wannan marubucin ne ya maƙale ya nemi hanyar gudu. In na ji haka sau biyu nakan goge. Da can ba na iyawa, ina ganin tunda na ci kashi arba'in dole in ga ƙarshe, kamar mai bin bashi.

Murya ma tana ruɗi. Akwai masu karatun da ko rasit suka karanta sai ka saurara, kuma na sha yabon labari alhali maƙogwaron mai karantawa nake yabo. Akwai kuma tashoshin da ke sa kwamfuta ta karanta, ita kuwa ba ta san karin sautin Hausa ba. Za ta ce aljani ya fito daga "kuka", ka rasa bishiya ake nufi ko hawaye, ta kira gari na mutane kamar garin tuwo. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne ranar da wani ya tambaye ni wa ya rubuta labarin da nake ta zuzutawa. Sunan mai karatu na sani. Na marubucin ko sau ɗaya ban nema ba, kuma da yawa ana karanta musu littafi ba da izininsu ba, ko sisi ba ya isa gare su. Ni da nake fushi in wani tela ya kwafi aikin wuyan da na zana! In labari ya burge ku, ku nemi sunan mai shi, ku sayi na takarda in akwai. Za ku ga wani amfanin: ido yana komawa baya ya sake duba abin da ya wuce shi, kunne kuwa in hankali ya zame na minti biyu, mai karatu ya yi gaba bai jira ka ba. Cikin ɗaruruwan awoyin da na saurara ina ɗinki, da ƙyar zan iya ba ku labari uku daga farko zuwa ƙarshe.

Har yanzu ina saurare. Sai na rufe shago, na yi isha'i, na ci tuwo, sannan in ajiye wayar a kan tabarma, ba iyafis, kashi ɗaya ko biyu, wani lokaci da yarana a gefe suna gardamar wa zai ci yaƙin. A shago kuwa na kafa doka: duk yaron da ya ɗauki alli ko almakashi, wayarsa na cikin durowa.

Dattijon nan bai sauya tela ba, Allah ya saka masa da alheri. Gajeriyar rigar ma jikansa ya ba. Sai dai har yau, in ya kawo ɗinki, kafin ya miƙo ledar sai ya ɗan karkato ya leƙa kunnena na dama, ya zagayo ya leƙa na hagu.