Jinin da ya kusa rushe mana aiki a Damagaram

Na yi aikin karanta wa iyaye mata takardar neman yarda a wani gwajin maganin yara, a wata likita, wato ƙaramin asibiti, da ke bakin garin Damagaram. Da Faransanci aka rubuto takardar, aka juya ta Hausa, kwamitin ɗa'ar bincike na ƙasa da ke Yamai ya amince da ita. Duk abin da ƙa'ida ta ce a faɗa yana ciki: gwaji ne, kwamfuta ce ke raba yara gida biyu kamar ƙuri'a, wasu su sha maganin, wasu su sha mai kama da shi da ba komai a ciki, mu kanmu ba mu san wa ya samu wanne ba. Wadda ba ta iya karatu ba, a kira shaidan da ba ma'aikacinmu ba, ta dangwala yatsa, shi ya sa hannu. Masu duba aiki ba su taɓa samun abin gyara a takardunmu ba.

Jini ne ya tona mana asiri. Can cikin takardar akwai layin da ya ce za a ɗebi jinin yaro a zuwa na gaba. Wata yarinya mai goyon fari, duk layin da na karanta sai ta ce "to, Malama", kanta a sunkuye. Ranar ɗibar jinin ta yi daidai da dawowar mijinta daga cin rani. Ya ga auduga manne a hannun yaro, washegari da sassafe sai ga shi a bakin likita.

"Malama, wa ya ba ku jinin ɗana?"

Na nuna masa inda matarsa ta dangwala yatsa. Ya juya ya dube ta. Ta ce, "Ni dai na ji an ce magani ne kyauta. Na ji tsoron in na ƙi, majo ba zai ƙara duba shi ba." Majo shi ne babban ma'aikacin jinya mai duba marasa lafiya a likitar.

Wallahi layin da ya ce ƙin shiga ba ya hana a duba yaro, da bakina na karanta mata shi. Amma a ina? A ɗakin da ke jikin na majo, ina sanye da farar riga, mata sun yi layi a waje, shugaban aikinmu yana leƙowa yana tambayar mutum nawa aka samu yau. Wace mai goyon fari ce za ta ce a'a a wurin nan? Sanarwar Helsinki, wato ƙa'idojin ɗa'ar binciken lafiya a kan mutane da ake ta ambata mana a horo, wadda aka fara fitarwa a 1964, ta yi kashedi a kan neman yardar mutumin da yake ganin lafiyarsa na hannun mai tambayarsa. An koya mana, sannan aka zaunar da mu a jikin ƙofar majo.

Kafin mako ya zagayo magana ta cika unguwa, wai sayar da jinin yara muke yi. Mata suka ɗauke ƙafa. Wasu abokan aiki suka ce jahilci ne, ni kuwa ban yarda ba. Kano ba ta da nisa da mu, kusan kowa yana da dangi can. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya haɗa yara 200, yara 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dalar Amurka miliyan 75. Mijin nan bai san sunan maganin ba, amma ya san "abin da aka yi wa yaran Kano", haka ma ya faɗa mini.

Sai da muka bi ta gidan mai unguwa da limami kafin ƙura ta lafa. Mijin ya janye ɗansa, hakkinsa ne, kuma majo ya ci gaba da duba yaron kamar kowa.

Daga nan na tsaya kai da fata aka canza mini wuri. Na koma ƙarƙashin rumfa, da zane da mayafi kamar kowace mace. Maganar jini na dawo da ita farko: in ɗaga 'yar kwalbar su gani, in zuba ruwa daidai gwargwadon da za a ɗiba, in juye a ƙaramin cokali, bai ma cika shi ba. In faɗi inda za a kai jinin da abin da za a auna. Na daina tambayar "kin gane?", don amsarta "to" ce kullum. Sai in ce, "Ƙanwata, in kin koma gida maigida ya tambaye ki, me za ki ce masa?" Wadda ta ce "an ba yaro magani kyauta", mu sake daga farko. Kuɗin kabu-kabu kuwa ba na ambatarsu sai an gama komai, don da zarar an ji jika, sauran bayanin ya bi iska.

Takardar aikinmu ta ce yardar uwa ko ta uba ta wadatar. A gidajenmu ba haka abin yake ba, akwai miji, akwai uwar miji. Na riƙa ba mace takardar ta tafi da ita ta kwana, a yi shawara, in miji yana tafiya a kira shi a waya. Wasu ba su dawo ba. Lissafin kowace rana ya ragu ƙwarai, shugaban ya yi ta gunaguni har aikin ya ƙare, amma waɗanda suka dawo suka dangwala yatsa, da wuya ka ga wadda ta ɓace ranar ɗibar jini.