Tanti mai sandar tafiya ya kwana a tsaye a kan fa

Jama'a, abin ya yiwu. Sabon tantina ya kwana a tsaye a duwatsun Shere, gabas da Jos, a kan fa wanda ko allura ba za ta shige shi ba, kuma har gari ya waye yadin bai taɓa mini fuska ba. Waɗanda muka yi ta fama tare sun san yadda wannan tanti ya sha ba ni haushi, don haka ku yi haƙuri in na cika baki.

Tsohon tantina mai baka biyu ne na sandunan fiba, da rufin sama, da gidan sauro a ciki. Kilo 3 da ɗoriya a sikelin kicin. Da na ɗora kayansa ɗaya bayan ɗaya, sai na ga sanduna da turakun ƙarfe kaɗai sun haura kilo guda. Shi ya sa na koma irin wanda ba shi da sandar kansa, sandunan tafiyarka biyu su ne ginshiƙansa. Yadin nailan ne mai lamba 20D, wato ma'aunin kaurin zarensa, an shafe shi da silikon, tsohon kuwa kaurinsa ya kusa ninka wannan sau uku. Duka da turaku bai kai kilo ɗaya da rabi ba. A kula da lambar da masu sayarwa ke rubutawa, sau da yawa nauyin da ba turaku, ba igiya, ba jaka suke nufi. Kuɗin jigila kuma ya ƙona ni, ya kusa rabin kuɗin tantin kansa. Tanti na yadin Dyneema mara nauyi, irin Duplex na kamfanin Zpacks, wanda nauyinsa rabin kilo ne da 'yan kai, lokacin da na duba ana maganar dala ɗari bakwai ko kusa da haka. Na kalli hotonsa na wuce.

To ga inda gizo ke saƙar. Tanti mai baka yana tsayuwa da ƙafarsa, turke tsaro ne kawai don iska. Wannan kuwa turakun su ne ƙashin bayansa, ɗaya ya tsige duka ya zube. A filin ciyawa ba matsala. Amma a Shere, inda ƙololuwar ta kai mita 1,829, wurin kwana mai kyau yawanci fa ne, ko 'yar ƙasa mai kaurin yatsa biyu a kan dutse. Turken alminiyam mai giram goma sha wani abu ka buga shi da dutse, ya lanƙwashe yana kallonka. Na sayi masu kauri, nauyi ya ƙaru, su ma ba su shiga ba. Na ɗaura igiya a jikin dutse kai tsaye, cikin dare iska ta ja, igiyar ta sulale ta ƙasansa. Na kai ga tunanin sayar da shi in koma ɗaukar kilo ukuna.

Abin da ya yi aiki dutse biyu ne a kowace kusurwa. Ka zarge ƙarshen igiya a ƙaramin dutse mai kamar dunƙulen hannu, ka ajiye shi a ƙasa, sannan ka ɗora babban dutse a kan igiyar, tsakanin ƙaramin da tantin. In iska ta ja, ƙaramin ne ke cijewa a bayan babban, ba shi da hanyar wucewa. In ƙaramin dutse ya yi wuya, kwantar da turken a gicciye, aikin ɗaya ne. Babban kuwa ya zama wanda sai da hannu biyu kake ɗaga shi.

Amma wannan dabarar kaɗai ba ta isa ba, kuma nan ne na fi daɗewa. Igiyoyin da suka zo da tantin gajeru ne, ko kamu ɗaya ba su cika ba, babu wurin da dutse biyu za su zauna. Na kwance su duka na sa igiya siririya mai milimita 2, mita ɗaya da rabi a kowace kusurwa. Sai wata matsalar ta fito: tantin ya tsaya, amma gefe guda ya yi tattara, ƙofa ta karkace, zif yana cijewa. Na yi ta matsar da sanda, a banza. Ashe da igiya ta yi tsawo, inda ka ajiye dutsen shi ke juya kusurwar. Dole igiyar ta bi layin ɗinkin da ya gangaro daga kan sanda zuwa kusurwa, ta ci gaba a miƙe kamar ɗinkin ne ya ƙara tsawo. Ta kauce da taki ɗaya, yadin zai nuna maka. Yanzu ina tsugunawa a bayan dutsen in hango kan sandar da ido ɗaya kafin in sauke babban. Kusurwa huɗun nan in sun daidaita, sauran aikin minti biyu ne.

Sai saki na tsakar dare. Ba laifin ɗaurinka ba ne, halin nailan ne, yana shan laima ya miƙe. In damina ta ɗauke raɓa na sauka sosai a saman tudu, kafin sha biyun dare rufin da ka bari kamar fatar ganga ya sauko ya manne da gidan sauro, ruwa ya fara ratsowa. Masu yadin poliyesta ba su san wannan wahala sosai ba, domin nasu ba ya shan ruwa haka. Da can fita nake yi cikin sanyin Jos ina jan igiyoyi, kuma da duwatsu a kansu wannan aiki ne babba. Yanzu ina kafa sandunan ƙasa da tsayin da ya kamata da kamar santimita 5. In yadin ya saki, daga kwance nake kwance makullin sanda in ɗaga ta, komai ya koma daram. Ko ƙafa ban fitar daga bargo ba. Wallahi daren nan har dariya na yi ni kaɗai.

Igiyoyin sun ƙara mini ɗan nauyi, na kuma bar rabin turakun a gida, lissafi ya tashi kusan canjaras.

Abin da bai warware ba shi ne cin igiya. Dutsen Shere kaushi gare shi, dare ɗaya ya gurje biyu daga cikinsu har farin cikin ya leƙo. Ina so in zura su cikin guntun tiyo na roba daidai inda babban dutse ke dannewa, ko in ƙulla guntuwa mai kauri a ƙarshe wadda in ta lalace a yar. Ban yanke ba tukuna, kuma ɗinkin saman ma yana jiran shafin silikon kafin mu doshi dutsen Chappal Waddi na jihar Taraba, inda ruwan sama ba ya wasa. Wanda ya taɓa gwada tiyon ya faɗa mini ko yana zamewa a ƙarƙashin dutse.